Kumburin da Aka Ɓoye wa Allura

Ƙanwata da ƙawayenta sun gama sakandare bana, kuma tun ranar da suka ajiye biro suke bi na in nema musu gurbi a kemis. Sun gan ni zaune a bayan gilashi, fanka na kaɗa ni, waya a hannu, sai suka ɗauka aikin bai wuce miƙa ƙwaya ba. Ɗayarsu har cewa ta yi, "Sista Rukaya, ai ke hutawa kike yi ana biyanki." Na yi dariya a gabansu kawai. Bara a kan wannan kantar aka yi ta zuwa sayen maganin da zai rufe ciwon da ke neman ran ƙawata Memuna, kuma saura kaɗan in ci gaba da miƙawa ina cewa a gaida gida. Shi ya sa na ce bari in rubuta muku.

Aikin farko da Hajiya Adiza ta ba ni, tsumma ne. Ita ce mai kemis ɗin da nake aiki, a Maamobi, ba nisa da babban gota, kuma tana wannan sana'a tun kafin a haife ni. Ta ce in sauke duk kwalayen da ke kan katako, in goge ƙura, in karanta ranar lalacewar kowane magani da ƙarfi tana ji, sannan in jera wanda ya kusa lalacewa a gaba. Na zo da takardar makarantata a cikin leda ina jiran ta duba, ko kallonta ba ta yi ba. Watanni na yi a bayanta ban miƙa wa kowa ko farasitamol ba. Aikina in tsaya in saurara. In mai saye ya fita sai ta juyo ta ce, "To, me ya ɓoye?" In na ce ban ga ya ɓoye komai ba, sai ta ce, "Koma ki goge katako."

Kayan aikin ba su da yawa. Almakashi na yanka fallen ƙwaya, ƙananan ambulan da muke ja wa layi-layi don wanda bai iya karatu ba ya san na safe da na yamma, ma'aunin zafin jiki, abin gwajin maleriya, da na'urar awon jini wadda sai kin danne bututunta da yatsa, in ba haka ba iska ta zurare ta ba ki ƙarya. Allura ba ma yi, lasisinmu bai kai nan ba. Kafso mai kashe ƙwayar cuta ma ba namu ba ne, sai da takardar likita, a babban famasi. Duk wannan a ɗan lokaci za ku iya. Abin da ke cin shekaru shi ne gane cewa a Zango mutum ba ya zuwa da ciwonsa yadda yake. Ko ya aiko wani, ko ya zo da nasa ya ce na wani ne, ko ya zo da na wani ya ce nasa ne. Ba mugunta ba ce. Gidajenmu a haɗe suke, bango ɗaya, famfo ɗaya, abin da kika faɗa a kemis da safe ya riga ki isa tsakar gida.

Wata mata ta taɓa zuwa neman man ƙaiƙayi, irin na bututu, ta ce ƙuraje ne suka fito wa ɗanta a wuya. Na miƙa hannu zan ɗauko ɗaya, ta ce kwali guda take so. Hajiya ta ɗago daga kujera ta ce, "Ɗan naki giwa ne?" Matar ta yi dariya ta gyara mayafi, a nan na lura da ita sosai. Fuska ta yi ja kamar nunanniyar gwanda, gaɓoɓin yatsu baƙi ƙirin, jijiyoyi kwance a fili a bayan hannu. Matse bututun take yi a cikin man shafawarta don ta yi haske. Hajiya ta gaya mata, ba tare da ɗaga murya ba, cewa wannan man yana cinye kaurin fata, ranar da ta ji rauni ko aka yi mata aiki aka zo ɗinki, zare ba zai sami abin kamawa ba. Matar ta ce, "Yoo, Hajiya, na ji," ta fita. Na leƙa, na gan ta ta tsallaka titi ta shige wani shagon. Haka masu neman sha-ka-fashe, maganin sa ƙiba, suke, kowacce ta ce ƙanenta ne ba ya cin abinci, alhali ita ce ke son a kira ta obolo, wato mai jiki, ranar suna. Kumatu su cika, ciki ya fito, ƙafafu su tsaya kamar na kaza, daga baya suga da hawan jini su biyo.

Haƙori kuwa a kan wani makanike na koye shi. Ya shigo dafe da kunci, ido jajur, ya ce a ba shi duk abin da ya fi ƙarfi. Hajiya ta ce ya buɗe baki. Dasashinsa ya yi fari ya saɓule kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ashe ruwan batir ya ɗiga a kogon da auduga, wai zai kashe tsutsar da ke ciki. Wasu asfirin suke dannawa a wurin, wasu taba gari, wasu fetur. Duk nama suke ƙonawa, ramin na nan yadda yake. Abin da muke faɗa bai canza ba: ki kurkure da ruwan gishiri mai ɗumi, ki sa kanumfari in akwai, ki sha maganin zafi bayan cin abinci, kuma in kina da olsa ko juna biyu ki faɗa kafin a ba ki. Sannan ki nemi likitan haƙori, don ƙwaya ba ta cike rami. Da makaniken ya fita Hajiya ta kama haɓata ta danna ƙarƙashinta da babban yatsa har na ji zafi. Ta ce kumburin kunci ma na asibiti ne, amma in ya sauko nan, baki ya ƙi buɗuwa, miyau ya ƙi wucewa, to ba a jiran gobe, tasi ake nema.

Sai ga shekarar da sidi, kuɗin ƙasarmu, ya faɗi. Magani ya tashi, farashin safe daban na yamma daban, har Hajiya ta gaji da goge rubutu a jikin kwali. Mutane suka rage zuwa asibiti, suka koma sayen rabin abin da ya kamata su sha. Masu jaka, 'yan tallar magani, suka cika motocin haya na trotro da tashoshin Tudu, mutum ɗaya da kwalba ɗaya wai tana maganin basir da ciwon baya da warin baki. Har gida-gida suke bi, ba sa tambayar kowa komai, mu kuwa aka sa mana suna kemis ɗin 'yan sanda. Wata rana sai mu wuni ba mu ga kowa ba sai masu sayen filasta. A shekarar nan ƙarya ta ƙaru a bakin kanta, don kowa ya san in ya faɗi gaskiya za mu ce asibiti, shi kuma ba shi da halin zuwa.

A cikin wannan hali Mma Salamatu ta fara zuwa. Ita ce mai kokon bakin lungunmu, mahaifiyar Memuna. Ni da Memuna benci ɗaya muka zauna tun firamare har muka gama, ni na shiga kemis, ita ta buɗe ɗan kiyos na ɗinki a hanyar Alajo. Ranar zuwanta na farko Hajiya ta tafi sari cikin gari, ni kaɗai ce. Mma ta ce haƙori ne ke damunta, na ƙasa, na can ƙarshe. Na ce ta buɗe in gani.

"Ke Rukaya," in ji ta, "ni da na yi miki wanka a baho, yau ke za ki leƙa bakina?"

Na ba ta maganin zafi, na yi mata bayanin ruwan gishiri da likita. Ta ce in ƙara mata kafso ja-da-yalo, irin wanda ake buɗewa a zuba garin a rami. Na ce ba mu da shi, kuma ba a zuba shi a rami.

"Dokta Rukaya! Allah ya ƙara girma."

"Amin, Mma. Ina Memuna? Na wuce kiyos ɗinta na gan shi a kulle."

"Ta tafi Kumasi wurin gwaggonta."

Zuwanta na biyu ninki ta nema. Tana magana tana tauna goro, dama da hagu, ƙararsa har inda nake. Mai ciwon haƙorin ƙarshe ba ya cin goro haka. Na ce wancan bai isa ya ƙare ba in ana sha yadda na faɗa, ta ce ya faɗa mata a gota. Na ƙi ninkawa, ta yi tsaki ta karɓi abin da na ba ta. Da ta tafi na kira Memuna, wayar ta yi ta ƙara ba a ɗauka ba. Na tura saƙo, ya nuna an karanta, ba amsa. Memuna da in ta je ko unguwar Madina ta nan kusa ne sai ta turo mini hoton abin da ta ci a hanya.

Na ukun da hantsi ne, ta gama sayar da koko, babban bokitin da kwanon ƙosai a kanta. Wannan karon Hajiya na nan, kuma na riga na gaya mata maganar goron. Mma ta sauke kaya a bakin ƙofa ta ce a ba ta maganin zafi na ruwa, irin na yara.

"Na wa?" in ji Hajiya.

"Nawa mana. Ƙwayar nan tsaya mini take yi a wuya."

"Jiya na gan ki a wurin suna kina haɗiye tuwon zafi kamar ana bin ki, Salamatu."

"To yau ba jiya ba ce. Za ku sayar, ko in tafi inda ba a tuhuma?"

Hajiya ta ce in ɗauko. Ina sa kwalbar a leda Mma ta buɗe jakarta, sai na hango ƙunshin tsinken zuƙar lemo, sabo, ba a daɗe da saye ba. Mai koko ba ta ba da tsinke. Gidansu babu ƙaramin yaro. Babba ba ya neman tsinke da maganin ruwa sai in bakinsa ba ya buɗuwa. Na dubi Hajiya, ashe ita ma ta gani. Sai ta ɗaga murya yadda masu shagunan kusa za su ji.

"Ke Rukaya, ba ki da tarbiyya ne? Uwarki tsaye da ciwon haƙori, ga kaya, kina kallo? Ɗauki ki kai mata har ɗaki."

Kun san yadda abin yake a wurinmu. In yaro ya karɓi kayan babba, babba ba ya ƙwacewa a gaban mutane, kuma ba a ajiye masa a bakin lungu, sai an kai inda kayan ke kwana. Mma ta ce a bari, ta ce ta saba, ta ce bokitin da datti zai ɓata mini riga. Kafin ta rufe baki na ɗora a kai. Muka kama hanya tana gaba ina baya. A kowace kwana sai ta tsaya ta ce, "Nan ma ya isa, ɗiyata, Allah ya yi albarka." Ni kuma in ce, "Amin, Mma, ai saura kaɗan."

A tsakar gida Kawu Issah na zaune a benci a bakin ƙofar ɗakinsu, carbi a hannu. Shi ne ƙanen marigayi baban Memuna, kuma ba a gidan yake zaune ba. Na gaishe shi, bai amsa ba, ya dubi Mma. A gefen ƙafarsa ga silifas ɗin Memuna, ruwan ɗorawa, wanda muka saya tare. An kunna turare da yawa, amma akwai wani wari a ƙarƙashinsa, irin na naman da ya kwana a zafi. Daga bayan labule kuma ina jin wata ƙara, kamar iska na shiga ta ƙaramar kafa. Na sauke bokiti, na yi sallama, na ɗaga labule ban jira amsa ba.

Memuna na zaune a kan katifa, ta karkato gaba, hannuwanta dafe da gwiwa. Zani ne kawai ɗaure a ƙirjinta, kai ba ɗankwali. Haɓarta ta ɓace. Daga kunne zuwa kunne, ƙarƙashin muƙamuƙi ya cika ya haɗe da wuya, an shafe shi da wani baƙin abu da ya bushe ya tsattsage. Harshenta ya taso ya tokare haƙora. Miyau na zuba a ƙaramin kwano da aka ajiye mata a cinya. A kan taga ga ɓawon kafso ja-da-yalo, an buɗe su an zazzage, ashe da na hana, wurin mai jaka aka je. Na durƙusa na taɓa wuyan. Zafi kamar murfin tukunya, tauri kamar katako. Ta dube ni ta so ta kira sunana, abin da ya fito kamar na wanda ke da doya mai zafi a baki.

"Daji ne," in ji Mma a bayana, murya ƙasa-ƙasa. "Ki rufa mana asiri, kada ki ɗaga murya."

Wataƙila ku ba ku tarar da wannan maganar ba. A wurin manyanmu, kumburi mai tauri da ke yaɗuwa sunansa daji, kuma sun yarda cewa daji ba ya haɗuwa da allura, ƙarfe na taɓa shi mai shi ya tafi. Shi ya sa ake ɓoye mai shi, kada wani mai tausayi ya gani ya ja shi asibiti.

Kawu bai shigo ba, saboda yadda Memuna take. Ta bayan labule ya yi magana.

"Salamatu, wa ya ce ki kawo mana 'yar kemis?"

"Kawu," na ce, "wannan daga haƙori ya taso. Mugunya ce ta sauko wuya, tana toshe mata hanyar numfashi. Sai asibiti, yanzu."

"A wace makarantar likitoci kika yi karatu?"

"Ban yi ba."

"To ni na yi, a kan yayana. Da hannuna na kai shi, da ƙafarsa ya shiga, kumburi ne kawai a cinya. Suka soka masa allura, ba mu kwana da shi ba. Ni na wanke shi. Yanzu kuma in miƙa musu 'yarsa? Mai maganin gargajiyar da ya ba ni na shafawa ya ce abin yana nuna, in ya nuna zai fashe da kansa."

Na san an daɗe ana jinyar baban Memuna a gida kafin a kai shi, amma wannan ba maganar da yarinya ke faɗa wa babba a ƙofar ɗaki ba ce. Na ce kawai, "Kawu, ka saurari numfashinta."

"Ai tana samun sauƙi," in ji Mma. "Jiya har koko ta sha. Tsaya ki gani." Ta ɓalle murfin maganin, ta zuba a kofi, ta tura tsinke ta tsakanin haƙoran Memuna. Na ce, "Mma, kada ki ba ta," amma Memuna ta riga ta zuƙa, ina jin don ta faranta wa uwarta ne. Maganin bai wuce ba. Ya dawo ta hanci, ta sarƙe, idanunta suka firfito, ƙarar nan ta iska ta tsaya cik. Mma na bubbuga bayanta tana salati. Leɓɓanta suka fara canza launi ina kallo. Can sai ƙarar ta dawo, siririya fiye da ɗazu.

Memuna ta kama wuyan hannuna. Ban san tana da sauran ƙarfi haka ba, shatin farcenta ya daɗe a jikina. Ta ja ni ta miƙe, kwanon ya kife. Ta nufi ƙofa.

Kawu ya ji motsi ya tashi ya tare ƙofar daga waje, yana cewa babu mai fita da ita yana raye. Memuna ta yaye labulen da kanta. Sai ga shi ido da ido da 'yar yayansa, budurwa, kai a buɗe, kafaɗu a waje. Ya ce, "Subhanallahi," ya kawar da fuska ya juya ga bango, kamar yadda duk dattijo zai yi. Ta wannan gefen da ya bari muka wuce. Ban san ko ta lissafa hakan ba, kuma ban taɓa tambayarta ba.

Mota ba ta shiga lungunmu, sai mun taka har babban titi. Mata a bakin famfo suka bar bokitai suna kallo. A kan katakon da ake tsallake ƙaramin gota na ji Mma a bayanmu tana kiran mu tsaya. Na ɗauka janye ta za ta yi, na ƙara riƙe Memuna. Da ta iso sai ta yafa mata mayafi a kafaɗa, a hankali, ba ta bari ya taɓa wuyan ba, ta kama ɗaya hannun. Tana tafe tana cewa, "Kin kashe mini ita, Rukaya, wallahi kin kashe mini ita," kuma ta fi ni sauri.

Direban tasin da muka tare ya leƙo ya kira sunan Allah da yarensu, "Ei, Awurade!" Ya roƙi fasinjansa ya sauka. Mma ta so ta kwantar da ita a cinya, na ce a'a, a bar ta zaune a karkace yadda take, a haka iska ke samun hanya. Direban ya ɗora hannu a kan ham bai ɗaga ba har ƙofar babban asibiti.

Ba su sa mu layi ba. Wata nas ta kalle ta sau ɗaya ta ƙwala kira, aka kewaye ta. Kafin a ja labule Mma ta ga an soka allura a hannun 'yarta, sai ta sulale ta zauna a ƙasa, ta ja gyale ta rufe fuska, ta fara karanta abin da ake karanta wa mamaci. Na zauna kusa da ita. Na kira Hajiya, ta ce in tsaya a nan kada in motsa, za ta kula da shago. Aka yi azahar, aka yi la'asar. Wani likita ya fito ya ce hanyar iska ta kusa rufewa gaba ɗaya, sun huda mata wuya sun sa bututu, sun tsaga sun kwashe mugunya, haƙorin ma za a cire. Ya ce tana numfashi, amma kada mu yi murna tukuna. Ya tambayi me take sha a gida, na lissafa masa. Ya ce ni wace ce, na ce a kemis nake aiki.

"Ku ne ai," in ji shi. "Ku riƙe su a gida da ƙwayoyi, sai sun kusa mutuwa ku kawo mana."

Daga inda yake tsaye, haka abin yake.

Memuna ta daɗe a kwance, amma ta tashi. Ta koma kan kekenta. Akwai tabo a maƙogwaronta da wasu a ƙarƙashin haɓa, muryarta ta ɗan shaƙe, yanzu duk rigar da ta ɗinka wa kanta mai dogon wuya ce, har wasu 'yan mata sun ɗauka sabon yayi ne suna kawo yadi. A unguwa kuwa magana ta rabu. Kawu Issah ya ce maganinsa ne ya nunar da abin, likitoci sun tarar da aiki a gama. Wasu suka ce na yi caca da ran 'yar mutane, Allah ne ya rufa mini asiri. Da ta mutu a kan gadon nan, da ni da iyayena ba mu sake zama a Maamobi ba, kuma da duk mai kumburi a lungun nan an ƙara ɓoye shi. Wannan ne aikin da kuke cewa hutu. Har yanzu in mutum ya tsaya a kanta ya ce haƙori, ba fuskarsa nake fara kallo ba, wuyansa ne, kuma ba na yarda da maganar kowa, ko da liman ne.

Mma Salamatu ta daina yi mini magana. In na je sayen koko sai ta zuba ta miƙa tana kallon wani wuri. Na bar ta, ban san ko fushi ba ne ko kunya.

Kwanan baya ina cikin shirya katako na ji an buga kanta da ƙarfi. Mma ce, ta riƙo hannun wata maƙwabciyarta, matar ta naɗe fuska da gyale har hanci, tana turjewa tana cewa mijinta bai san ta fito ba. Mma ta fizge gyalen. Kunci ya haye, har ya fara gangarowa ƙarƙashin muƙamuƙi, an shafa baƙin abin nan.

"Ban ce a yi mata allura ba," in ji Mma, ba ta dube ni ba. "Cewa na yi ki duba."

Na fito daga bayan kanta na ce matar ta buɗe baki. Da ƙyar yatsa ɗaya zai shiga.

"Mma, wannan ba na dubawa ba ne. Sai asibiti."

"Na sani," in ji ta. "Tasi na bakin titi, na ce ya jira. Ɗauko mayafinki."